Harsashin dalmar da kake zubawa ba ya taruwa wuri ɗaya: laifin ba na albarushi ba ne

Malam, ga yadda na fahimci tambayarka. Kana da bindiga mai cin harsashi ɗaya, sabuwar ƙira ce amma a kan fasalin Sharps ta 1874, mai ɗaukar harsashi mai lamba .45-70. Kai kake zuba harsashinka daga dalmar da ka tattara nan da can, ka ɗura da baƙin albarushi, wato irin na gargajiya mai hayaƙi. Harbi goma a yadi 100 sai ya watsu wajen inci shida, bututu kuma ya kama dalma kafin ka gama zagaye na biyu. Ka ƙara albarushi, ka rage, ka sauya firama, wato 'yar hular gindin kwanso da ke kunna albarushi, duk a banza. Yanzu kana so in faɗa maka giren nawa na albarushi ne daidai, giren kuwa shi ne ma'aunin nauyin albarushi da harsashi.

Ba zan ba ka wannan adadin ba, domin ba a can ciwon yake ba. Ka ajiye ma'aunin albarushi tukuna. Na ɗauka kana inda doka ta yarje maka ɗurin harsashi kuma takardunka a cike suke, don haka mu shiga maganar kai tsaye.

Harsashi mai rigar jan ƙarfe, irin na bindigogin zamani, yana yafe wa mai shi kurakurai da yawa, saboda rigar tana riƙe siffarsa. Na dalma tsirara ba ya yafiya. Abu ne mai laushi wanda matsi zai naushe shi a gindi cikin ƙiftawar ido, ya tura shi cikin tsagin bututu, wato murɗaɗɗun layukan ciki masu tudu da kwari waɗanda ke sa harsashi juyawa. Idan ya shiga a karkace, a karkace zai fita. Idan ya yi wa bututun kaɗan, hucin albarushi zai bi ta gefensa ya yanke dalmar, ya watsa ta gaba, sannan harsashin ya bi ta kai ya goge ta a jikin ƙarfe. Mutane da yawa suna ganin dalma a bututu sai su ce harsashin ya yi laushi, su je su nemo mai tauri. Sau da yawa wannan ƙara lalata abin yake yi, domin mai taurin ba ya kumbura ya toshe gefen da hucin ke bi. Abin da ke kama bututu a irin gudun da kake harbi, ƙafa 1,100 zuwa 1,250 a daƙiƙa, galibi ƙarancin kauri ne ko rashin man shafa harsashi da ya dace.

Saboda haka aikin farko shi ne awo, kuma ban ga ka ambaci ko ɗaya a tambayarka ba. A takarda, bututun .45-70 yana da inci .450 daga tudu zuwa tudu, da inci .458 daga kwari zuwa kwari. A zahiri kowane bututu da nasa. Tsoffin bindigogin sojan Amurka na Springfield, waɗanda aka fara yi wa wannan harsashi a 1873, da yawansu sun haura .460. Ka samu dunƙulen dalma zalla mai laushi wanda ya ɗan fi ramin girma, ka shafa wa bututu mai, ka tura shi ta ciki da sandar tagulla, ka auna da maikiromita, wato ma'aunin kauri mai nuna ƙanƙanin bambanci. Kada ka yi amfani da sandar katako, idan ta tsage a ciki ta cije za ka sha wahalar fitar da ita. Abin da ka samu, harsashinka ya fi shi da inci .001 zuwa .002.

Wannan rabin awon ne. Ɗaya rabin, wanda ni na fi ba shi muhimmanci, shi ne maƙogwaro, wato ɗan filin nan da ke tsakanin bakin kwanso da inda tsagi ya fara. A nan harsashi yake zama kafin a ja kunama, kuma a nan ake yanke masa hukuncin ko zai shiga daidai ko a karkace. Ana auna shi da wani haɗin ƙarfe mai suna Cerrosafe wanda yake narkewa a zafin da bai kai na tafasar ruwa ba. Ka toshe bututu da tsumma ɗan gaba da maƙogwaron, ka zuba, ya daskare, ka bugo shi. Zai nuna maka faɗin maƙogwaro, da tsawonsa, da yadda gangaren tsagin yake. Wasu bindigogin kwaikwayo suna da dogon maƙogwaro mai faɗi, wasu kuma tsagin yana farawa kusan a bakin kwanso. Harsashin da ya dace da ta farko ba zai ma bari ka rufe ta biyu ba. Abin da ake nema shi ne harsashin da ya cika maƙogwaron, hancinsa kuma ya hau kan tudun tsagi har ka ga ɗan sawu a jikinsa idan ka zaro shi. Wanda aka riƙe gaba da baya haka ba shi da wurin karkata.

Ka duba murɗin tsagin ma. Ka sa tsumma mai matsewa a sandar goge bututu, ka yi mata alama, ka tura ka ga inci nawa take tafiya kafin ta juya sau ɗaya. Yawancin na yanzu a wannan girman juyi ɗaya ne a inci 18, tsohuwar Springfield kuwa ɗaya a 22. Tsawon harsashi ne ke neman murɗi, ba nauyinsa ba. Akwai tsohon lissafin Greenhill na 1879: ka ninka kaurin harsashi da kansa, ka ninka da 150, ka raba da tsawonsa, duk a inci. Harsashi mai kauri .458 da tsawo 1.4 zai ba ka wajen 22. Wannan bakin iyaka ne, shi ya sa masu harbin nesa da harsashi mai giren 520 zuwa 550 suke son 18, don su sami rara. Idan hudar da ke takardarka ta yi ɗan tsawo maimakon zagaye, harsashin yana lilo ne a iska, kuma babu albarushin da zai gyara wannan.

Yanzu dalmar taka. Ka ce ka tattara ta nan da can, kuma a ganina nan ne matsala ta biyu take. Tarkacen dalma ba ka san abin da ke ciki ba. Yau tukunyarka ta fi antimoni, gobe ta fi kuza, jibi wani guntun zinki ya faɗa ciki ya mai da narkin kamar dambu, ya ƙi cika mazubi. Kowane canji yana sauya nauyi da kauri da taurin harsashin da ke fita daga mazubi guda. Masu harbin gasa da baƙin albarushi sun daɗe da tsayawa a kan dalma zalla da kuza kawai: kashi 30 na dalma da 1 na kuza, ko 25 da 1, ko 20 da 1, wani lokaci 16 da 1 idan harsashin mai dogon siririn hanci ne wanda zai iya lanƙwashewa da bugun farko. A ma'aunin tauri na Brinell dalma zalla tana wajen 5, haɗin 20 da 1 wajen 10, dalmar maɗaba'a kuwa wajen 22, wadda ta yi maka tauri ƙwarai. Ka fara da 20 da 1. Ka haɗa da yawa a lokaci guda, ka zuba su sanduna, ka yi musu alama, domin duk gwajin da za ka yi nan gaba ya tsaya a kan ƙarfe iri ɗaya.

Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyos, amma ba a nan ake zubi ba. Ana zuba manyan harsasai a tsakanin 370 da 420, gwargwadon mazubin. Ka sayi ma'aunin zafi ka sa a tukunya, lambobin da ke jikin makunnin tukunyar lantarki ba abin dogaro ba ne. Harsashi mai giren 500 ya fi fita da kyau da ludayi fiye da tukunya mai famfo a gindi, wannan ra'ayina ne kuma akwai gwanaye da ba su yarda da ni ba. Da ludayi, ka haɗa bakinsa da ramin mazubi a kwance, ka juya su tare su miƙe, ka ɗan dakata nauyin narkin ya danna ciki, sannan ka bar ɗan tudun dalma a saman. Wannan tudun shi ke ciyar da gindin harsashi yayin da yake sanyi yana tsukewa. Idan ka yi rowarsa za a sami rami a ɓoye a cikin gindin.

Abin da ya fi komai wuya a koya shi ne kiɗan hannu. Zafin mazubi yana bin saurin zubinka. Ka tsaya amsa sallama na minti biyu, harsasai biyar da za su biyo baya za su fito da nauyi daban. Ka zuba da agogo a gabanka, tazara iri ɗaya, ka jera su bi da bi yadda suka fito. Goma sha biyar ko ashirin na farko ka mai da su tukunya ba tare da ka duba su ba. Masu yamutsattsiyar fata sanyi ne, masu fari-fari kamar an barbaɗa musu toka zafi ne ya yi yawa.

Ba zan wuce nan ba sai na yi maganar lafiya. Ɗigon ruwa ɗaya da ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma zai watso maka tukunyar gaba ɗaya a fuska, don haka duk sandar da za ka ƙara ka ɗumama ta tukuna, ka sa tabarau da safar fata. Ka yi aikin inda iska ke wucewa. Gubar dalma ta fi shiga jiki ta hannu zuwa baki da ƙurar dattin da ake kwashewa a saman tukunya, saboda haka ba ci ba sha a wurin, ka wanke hannu da sabulu, yara da mai juna biyu kuma kada su kusanci wurin ko kayan da ka yi aiki da su. Albarushi da firama su kasance a wani ɗaki daban ranar zubi.

Bayan sun huce sai tantancewa. A nan ka fi duba gindi a kan hanci. Wani likita Ba'amurke, Franklin Mann, ya shafe shekaru yana gwaji a kan wannan, ya wallafa sakamakonsa a 1909. Yana lalata hancin harsashi da gangan ya harba, ya lalata gindin wani ya harba, kuma lahanin gindi ne ya fi kauda harsashi daga hanya. Dalilin a fili yake. A lokacin da harsashi ke barin bakin bututu, hucin da ke bayansa yana neman mafita. Idan gefen gindin ya cika ko'ina, hucin zai kuɓuce ta kowane ɓangare a lokaci guda. Idan gefe ɗaya ya ɗan dakushe ko ya lotsa, ta nan zai fara fita ya ture gindin zuwa ɗaya gefen. Duk wanda gefen gindinsa bai fito da kaifi ba ka mai da shi tukunya, komai kyan sauran jikinsa. Wannan ne ma ya sa wasu suke sayen mazubin da ake zubawa ta hanci, domin yankan ya faɗo a hanci, gindi ya fito sumul. Kuma wannan ne dalilin da zai sa ka duba bakin bututunka da gilashin ƙara girma, domin ƙwarzane a can aikinsa ɗaya da lahanin gindi, sai dai shi a kowane harbi yake yi.

Sannan ka auna su a sikeli. Giren ɗaya gram 0.065 ne, laba ɗaya kuma giren 7,000. Idan hannunka ya zauna, yawancin zubinka zai faɗa cikin giren ɗaya. Ba bambancin nauyin ne abin tsoro ba, rabin giren a cikin 530 ba komai ba ne. Abin da sikeli ke tona maka shi ne ramin ɓoye: wanda ya gaza 'yan'uwansa da giren biyu ko uku akwai iska a cikinsa, kuma idan ramin ba a tsakiya yake ba, harsashin zai riƙa juyawa a kan nauyin da ya karkata gefe.

Maganar mai kuwa, ka ce kana amfani da jan man nan mai tauri da ake sayarwa don harsashin ƙaramar bindiga. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata maka rana. Baƙin albarushi idan ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, yana zama toka da hayaƙi, kuma wani kaso yana kwanciya a bututu. Aikin mai a nan ba santsi kaɗai ba ne, shi ne ya riƙe wannan tokar da laushi yadda harsashi na gaba zai share ta ya wuce. Man da aka yi da kayan fetur yana haɗuwa da tokar ya zama ƙanzo mai tauri. Ana amfani da kakin zuma da kitse da man tsiro, ko wanda aka haɗa don wannan aikin kamar SPG. Harsashin ma ya zama mai manyan kwaruruka da za su ɗauki mai isasshe har ƙarshen bututu mai inci 30 ko 32. Bayan harbi biyar ka taɓa bakin bututu. Idan ka ga tauraron maiƙo mai laushi a kewayen ramin, man ya kai. Idan ka tarar da busasshiyar toka, ya ƙare a hanya, kuma a inci na ƙarshe za ka sami dalmar.

Ni na fi son a shafa man a faranti: a jera harsasai a tsaye, a zuba narkakken mai har ya rufe kwarurukan, ya daskare, a turo su da yatsa. Idan mazubinka yana fitar da kaurin da kake so, kada ka matse harsashin a injin rage kauri ko kaɗan. Duk matsewar da ta wuce inci .002 tana iya karkatar da shi.

Ko da man kirki, dole ka kula da tokar tsakanin harbi da harbi. Hanya biyu ce. Ko bututun hurawa, wato kwanso da aka huda aka sa masa tiyo, ka hura numfashi mai ɗumi sau uku zuwa shida don danshinsa ya jiƙa tokar, ko kuma ka goge da tsumma mai ɗan danshi bayan kowane harbi. Idan ana zafi kuma iska a bushe take, hurawa ba ta isa, gogewa ta fi. Wadda duk ka zaɓa, ka yi ta iri ɗaya kowane harbi. Mutum ya hura uku yanzu, shida anjima, sannan ya zo yana zargin firama.

To, sai albarushin da ka tambaya. Da baƙin albarushi ba kai ke zaɓar adadi ba, wurin da ya rage a kwanso ne ke zaɓa. Ka fara gano zurfin da harsashi zai zauna har hancinsa ya taɓa tsagi. Abin da ya rage a ƙarƙashinsa shi za ka cika, ba tare da barin sarari ba ko kaɗan tsakanin albarushi da gindin harsashi. Sunan .45-70 yana nufin giren 70, amma kwanson yanzu ya fi na zamanin da kauri a gindi, don haka da babban harsashi za ka ga abin da ke shiga yana tsakanin 60 da 70. Ana zuba shi a hankali ta dogon bututun tagulla mai inci 24 zuwa 30 domin ƙwayoyin su zauna su jeru. Sai a ɗora ɗan faifan kwali mai kauri inci .030 ko .060 wanda zai kare gindin harsashi, sannan a danna da abin dannawa na musamman. Kada ka taɓa danna albarushi da harsashin kansa, za ka kumbura hancin ka lotsa gindin da ka sha wahalar tantancewa. Yawan dannawa ya danganta da irin albarushin: Swiss yakan so kaɗan, Goex yakan so fiye da haka. Girman ƙwaya kuma 1½F ko 2F ne aka saba a wannan kwanson. A nan ne gwajinka zai yi amfani, kana ƙara giren ɗaya-ɗaya, wanda a zahiri dannawar kake ƙarawa.

Kwanso ka ware masa kulawa kaɗan amma kullum. Kamfani ɗaya, tsawo ɗaya, wanda aka riga aka harba a bindigarka ya ɗauki siffar mazauninta. Bindiga mai cin ɗaya ba ta bukatar a danƙe bakin kwanso a jikin harsashi, domin babu wani harsashi a rumbu da naushin bindiga zai girgiza. Riƙon wuya ya zama kaɗan, inci .001 zuwa .002, wasu ma da yatsa suke zaunar da harsashin. Ka buɗa bakin yadda ba zai kankare dalma ba. Idan tagullar ta fara tauri bayan ɗuri da yawa, riƙon zai bambanta daga kwanso zuwa kwanso, sai a gasa wuyan ya koma laushi. Da ka harba, ka cire firamar ka jefa kwanson a ruwan sabulu, tokar baƙin albarushi tana cin tagulla.

Idan wata rana ka koma albarushi marar hayaƙi, duk abin da na faɗa game da cika kwanso ya tashi. Wannan kaɗan ake sawa a babban kwanso, har ninki biyu zai shiga ba ka lura ba, kuma ninki biyu yana tarwatsa bindiga. Adadinsa daga littafin ɗuri na kamfanonin da suka auna matsi ake ɗaukarsa, ba daga bakin wani ba, har da ni. Littattafan sun raba .45-70 gida uku gwargwadon ƙarfin bindiga, kai ka tsaya a gidan da maƙerin bindigarka ya yarda da shi. Kada kuma ka tura faifai ya kwanta a kan irin wannan albarushin da sarari tsakaninsa da harsashi, an sha ganin hakan ya bar zobe, wato lahani a kewaye, a mazaunin kwanso.

Don ka ga cewa maganar shigar harsashi daidai ba sabuwa ba ce, duba abin da magabata suka yi. A gasar Creedmoor ta 1874 a jihar New York, 'yan Amurka da bindigogin Sharps da Remington masu ɗuri ta baya suka kara da 'yan Ayalan masu bindigogin Rigby da ake ɗurawa ta baki, a yadi 800 da 900 da 1,000. Amurka ta ci da maki 934 a kan 931, tazarar maki uku kacal. Amfanin ɗuri ta baki shi ne harsashin yana zaune a cikin tsagi tun kafin a harba. Maƙerin bututu Harry Pope ya yi suna wajen haɗa wannan da bindiga mai buɗewa ta baya: ana tura harsashi ta baki ta cikin wani ƙarin baki da ake cirewa, kwanso mai albarushi kuma ya shiga ta baya. Da bututun Pope mai .32-40 ne C. W. Rowland ya tara harbi goma a ƙasa da inci ɗaya a yadi 200, a Kolorado, a 1901.

Masu gasar Schuetzen, wadda Jamusawa 'yan ƙaura suka kai Amurka kuma ake yinta a yadi 200, har yau ba sa sa harsashi a kwanso. Suna da wani ƙarfe da suke tura harsashi da shi ta baya ya shige cikin tsagi, wajen kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci gaba da bakin kwanso, sannan kwanson ya biyo. Da yawansu kwanso ɗaya suke ta ɗurawa a wurin harbi har a tashi. Harsashinsu mai tsukewa ne ta gaba, gindi ya cika kwari, gaba ya hau tudu. Da .32-40 ko .38-55 wannan ita ce hanyar da ta fi kowace tara harbi. Kai kuwa idan kana son gasar gumakan ƙarfe, inda ake kayar da gumakan kaji a mita 200 a tsaye, aladu a 300, talo-talo a 385, raguna a 500, waɗannan ukun da bututu a ɗore a kan sandunan gicciye, lokaci ba zai ba ka damar wannan ba, ɗurarren harsashi za ka yi amfani da shi. Amma manufar ɗaya ce, ka sa ɗurarren ya zauna kamar wanda aka tura da hannu.

Wajen gwaji, harbi uku ba ya gaya maka komai, biyar ma yakan yi ƙarya. Goma za ka harba, bayan biyu ko uku na ɓata bututu da toka waɗanda ba a ƙirgawa, kuma abu ɗaya za ka canza a kowane zagaye, ka rubuta. Yadi 100 yana ɓoye bambancin gudu, don haka da zarar abin ya fara taruwa ka koma 200. Harsashin nan a hankali yake tafiya, yana kusan daƙiƙa uku kafin ya kai yadi 1,000, saboda haka ɗan bambancin gudu yana zama babban bambancin sama da ƙasa a nesa. Baƙin albarushi da aka ɗura da kyau yana iya ba ka harbi goma da tazarar gudunsu ba ta wuce ƙafa 15 ba. Siffar watsuwar ma tana magana. Idan ta miƙe sama da ƙasa, ka duba dannawa, riƙon wuya, toka, ko inda kake ɗora bututu a kan sanduna. Idan ta bazu hagu da dama, yawanci iska ce ko riƙonka. Idan takwas sun taru biyu sun fice, ka koma kan gindin harsashi da sikeli. Idan biyar na farko sun yi kyau sauran suka lalace, mai ne da toka.

Bindiga irin taka, da saitin ƙarfe mai rami, ya kamata ta riƙe harbi goma a cikin inci ɗaya da rabi zuwa biyu a yadi 100. Kafin ka sake ɗura ko ɗaya, ka fitar da dalmar da ke cikin bututun gaba ɗaya da tsumma mai matsewa sosai har ya daina fitowa da ƙyalli, domin sabuwa a kan tsohuwa take kamawa. Sannan ka aiko mini da awo uku: kwari zuwa kwari, faɗin maƙogwaro da tsawonsa, da kaurin harsashinka kamar yadda ya faɗo daga mazubi, an auna shi ta fuska biyu. Ina kyautata zaton za mu tarar mazubin yana fitar da .457, maƙogwaron kuma ya kai .460.